Jinjina ga Masu Wanke Azurfa a Rigasa

Ba tashar jirgin ƙasan Abuja da aka buɗe a 2016 kaɗai ce abin alfaharin Rigasa ba. Ina jinjina wa iyayenmu mata masu farfaɗo da awarwaron azurfa idan ya yi baƙi. Ba sa dirzawa da toka, don dirza tana cin azurfa. Tukunyar alminiyam, tafasasshen ruwa, kanwa, ɗan gishiri; sharaɗin dai awarwaron ya taɓa jikin tukunya. Baƙin nan farar wuta ce daga iska ta kama azurfar, sai ɗan lantarki tsakanin ƙarafan biyu ya ɓamɓare ta. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya taso, Inna ta toshe hanci, ta tsamo awarwaronta fes. Tukunyar kuwa, ita ke dusashewa.