Mata Biyar a Salsalar Linjilar Matiyu: Me Za Mu Ɗauka, Me Za Mu Bari?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yan'uwa masallata da ɗalibai, ilimin nasaba tsohon ilimi ne, kuma galibi da sunan uba ake jera shi. Shi ya sa babi na 1 na Linjilar Matiyu ya cancanci dubawa. Marubucin ya jero salsala daga Annabi Ibrahim zuwa Annabi Isa (AS), ya kasa ta gida uku, ya ce kowanne tsara 14 ne. A cikin wannan jerin maza sai ga mata biyar: Tamar, Rahab, Rut, matar Uriya, sannan Maryam.

Ku lura da waɗanda ya zaɓa. Bai ambaci Saratu ba, duk da girmanta. Rahab 'yar Yariko ce, ba Ba'isra'iliya ba. Rut kuwa baƙuwa ce daga ƙasar Mowab, mijinta ya rasu, tana kala a gonakin mutane don ta ci da surukarta. Ita ta haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Annabi Dawuda (AS). Wato a littafinsu, gidan sarauta mafi daraja ya bi ta kan baƙuwa matalauciya, kuma ba su ɓoye ba. Wannan abin yabo ne.

Haka Littafin Sarakuna yake yi: idan ya ambaci sarkin Yahuza, yawanci sai ya haɗa da sunan mahaifiyarsa, don uwar sarki tana da muƙami a fada. Har ya ba da labarin Ataliya da ta karkashe 'ya'yan gidan sarauta ta yi mulki shekara 6, sai wata mace, Yehosheba, ta ɓoye jariri Yowash, zuriyar ta tsira.

To, amma akwai gyara. Na farko, Matiyu ya tsallake sarakuna uku, Ahaziya da Yowash da Amaziya, waɗanda littattafan Sarakuna suka ambata. Kun ga jerin nasa tsararre ne don lissafin 14 ya fito, ba cikakkiyar ƙidaya ba. Na biyu, Linjilar Luka a babi na 3 ta bi ta kan Natan ɗan Dawuda, Matiyu kuma ya bi ta kan Sulaimana. Na uku, salsalar ta ƙare ne a kan Yusufu mijin Maryam, alhali littafin da kansa ya ce ba shi ya haifi Isa ba. An jero iyaye maza tun daga farko, da aka zo kan mai salsalar sai ga shi uwa kaɗai gare shi. Alƙur'ani ya huta da wannan wahala, ya jingina shi ga Maryam kai tsaye, ita ce ma mace ɗaya tilo da ya kira da sunanta. Na huɗu, ƙissar da suke dangantawa ga Annabi Dawuda game da matar Uriya ba mu karɓe ta ba, domin annabawa ma'asumai ne.

Ƙa'idarmu kan labaran Ahlul Kitabi sananniya ce: abin da ya dace da wahayi mu gaskata, wanda ya saɓa mu ƙi, wanda aka yi shiru a kansa mu yi shiru.

Darasin dai ya iso ƙofar gidanmu. Har yau ana fasa aure don an ce uwar yarinya baƙuwa ce, ko ana yi wa yaro gori da asalin mahaifiyarsa. Wanda ke haka ya tuna Hajara, mahaifiyar Annabi Isma'ila, daga Masar ta fito, kuma ta tsatsonta Manzon Allah (SAW) ya zo. Ya tuna kuma sharifan da muke girmamawa ta kan Nana Fatima suka sami sharifantakarsu. Allah Ya jiƙan iyayenmu mata, Ya ba mu ikon kiyaye haƙƙinsu. Amin.