Gani Ya Kori Ji: Tarken Karkandar Dürer da Raƙuman Dawan Dabus

Masu rubuta tarihin zanen namun daji sukan jinjina wa karkandar da Albrecht Dürer, mutumin Jamus, ya zana a 1515. Sai dai Dürer bai taɓa ganin karkanda ba. Bayaninta da wani ɗan zane ne suka iso masa daga Lisbon. Shi ya sa ya yi mata sulke kamar mayaƙi, ya ƙara mata ƙaramin ƙaho a doro. Turawa suka yi ta kwafar wannan kuskure har cikin ƙarni na 18.

A Dabus kuwa, arewa da Agadas a Nijar, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda ake ƙiyasta sun kai shekara 6,000, tun Sahara tana da ruwa da ciyawa. Babban ya haura mita 5. Masassaƙin ya fitar da dabbare-dabbaren fata ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita wuya da ƙafafu, alamar ya san dabbar ido da ido.

Ke nan, ma'aunin wannan fasaha ba ƙawa kaɗai ba ne, har da sanin dabbar. Duk tarihin da ya ɗaukaka Dürer ya tsallake Dabus, ya fifita ji a kan gani.