Makaɗin da ya zo biki shi kaɗai

Kwanakin baya na je bikin ɗiyar wani abokina a unguwar Birni, ba nisa da fadar Sarkin Damagaram. Da la'asar aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka jawo manyan lasifikoki biyu. Wani yaro da bai wuce shekara ashirin ba ya zauna da kwamfuta a cinya, ya saki waƙar da aka yi wa amarya a situdiyo. Sunanta, sunan ango, ƙawaye da gwaggwanni duk an jero su, murya ta sha gyaran na'ura har tana sheƙi. A bakin rumfar kuwa ga wani dattijo tsaye da kalangu a hammata. Tsofaffin mata sun ba shi abin da ya samu, bai koma gida hannu rabbana ba. Amma shi kaɗai ya zo, kuma wannan ne ya hana ni sakat.

A da makaɗi ba ya fita shi ɗaya. Akwai yaron da ke ɗaukar ganga, akwai mai buga kuntukuru, akwai 'yan amshi, wani lokaci har da sanƙira. Yaron nan da ke bin maigida da kaya a ka, karatu yake yi. A hanya yake sanin taken mahauta da na maƙera, ya san wa ya haifi wa a gidan sarauta, ya san inda ake zuga mutum da inda ake yi masa habaici, ya san kuma ranar da bakin mawaƙi ya kamata ya yi shiru. Musa Ɗanƙwairo ya daɗe yana amshi a ƙungiyar gidansu kafin ya ja tasa. Irin wannan tarbiyya ce ta ba mu Ma'azu Ɗan Alalo a nan Damagaram, mutumin da waƙarsa ta Bodo ta ajiye mana labarin aikin tilas na zamanin Faransawa da ɗacin da babu takardar ofis ɗin da ta rubuta shi. Wanda bai zauna cikin mutane ya san ciwonsu ba, bai kuma koyi yadda ake naɗe magana a gaban mai iko ba, ba zai iya wannan ba ko da muryarsa ta fi zuma.

Yau hanya ta gajarce. Yaro zai rubuta baitoci da dare, da safe ya biya mai fiyano, kafin magariba waƙa tana yawo a salula. Cikin wata guda sai ka ji ana kiransa shahararre. Bai taɓa ɗaukar gangar kowa ba, ba wanda ya taɓa ce masa “sake, ba haka ake yi ba.”

Duk sa'ad da na yi wannan tunani, Malam Mamman Barka ne ke faɗo mini. Ɗan Tasker ne, can arewacin ƙasar Damagaram, Batube daga gidan makiyaya, ba gadon kiɗa ya yi ba. Malamin makaranta ne, mushe kamar yadda muke cewa, shi ya sa sunan Malam ya bi shi har kan dandali. Da gurminsa ya yi suna, kaset ɗinsa suka zaga Nijar suka tsallaka Nijeriya. Mutum ne da ya riga ya isa, yana iya zama a Yamai ya ci gajiyar sunansa har ƙarshen rayuwa. Sai ga shi a shekarar 2002, da tallafin UNESCO, ya tattara ya nufi bakin tafkin Cadi wajen wani tsoho mai suna Bukar Tar, don ya koyi biram.

Biram abin kiɗa ne na Buduma, masuntan tafkin, mai tsirkiya biyar, jikinsa kamar ƙaramin kwale-kwale. Buduma suna girmama shi, suna danganta shi da iskan da ke tsaron tafkin. A lokacin Bukar Tar ne ake ɗauka shi kaɗai ya rage cikin gwanayensa, samarin wurin sun juya masa baya. Ku duba lamarin da kyau: mutumin da ake tafa wa a manyan birane, ga shekaru sama da arba'in a duniya, ya je ya durƙusa gaban wani tsohon masunci, ya koyi kiɗa da waƙoƙi cikin harshen da ba nasa ba. Tsohon ya yarda da shi har ya miƙa masa biram ɗinsa. Da wannan kayan Malam Barka ya fita duniya tare da abokinsa makaɗi Umaru Adamu, mai duma da kalangu da ƙwarya. Sun yi wasa a bikin WOMAD na Ingila a 2008, a 2009 wani kamfanin Landan ya fitar da faifansa. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 21 ga Nuwamba 2018.

Ni a wajena tafiyar nan ta bakin tafki ta fi duk sauran tafiye-tafiyensa nauyi, har da ta Ingila. Mu dai mun fi son labarin jirgin sama da tafin Turawa. Abin kunya ma, da yawanmu sai da muka ji Turawa suna yabon biram sannan muka san akwai shi, alhali Diffa, inda bakin tafkin yake, maƙwabciyarmu ce.

Kada wani ya ɗauka ina cikin masu zagin fiyano. Ba na ciki. Situdiyo ta buɗe ƙofar da gado ya rufe shekara da shekaru. Yaron da ubansa malami ne ko ɗan kasuwa, yarinyar da ba za a taɓa bari ta bi zabiya gidan biki ba, yau suna iya gwada baiwarsu. Fati Nijar daga Maraɗi ta tafi Kano, muryarta ta shiga finafinai ba iyaka. Mdou Moctar, wanda yanzu ake rububinsa a Amurka, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da irin gyaran muryar nan da dattawanmu ke yi wa tsaki. Kuma ba laifin yaran Zinder ba ne in kunnensu ya karkata kudu. Daga nan zuwa Kano wajen kilomita 240 ne, zuwa Yamai kuwa kusan 900. Tun zamanin ayari kasuwarmu can take, ta waƙa ba za ta fita daban ba.

Abin da nake ƙorafi a kansa shi ne maigida ya ɓace daga sana'ar. Na'ura tana gyara murya, ba ta gyara magana. Shi ya sa za ka saurari waƙoƙi goma na biki ka tarar kalmomi ɗaya ne ake juyawa, an cire sunan wannan amarya an sa na waccan. Na siyasa kuwa sun fi muni, zagi tsirara inda magabata za su yi zambo da mutum ya kwana uku bai gane da shi ake ba.

In za a raba laifi, kaso mafi tsoka namu ne, mu masu sauraro. Muna son kiɗan kakaki da algaita ranar hawan salla, muna ɗaukar hoto, muna cewa al'adarmu ce. Amma ɗan makaɗin nan ya zo neman auren ɗiyarmu, sai a fara tari ana kallon ƙasa, a ce ai maroƙi ne. Yaro yana gani. Ya ga ubansa ya tsufa a bakin zaure yana jiran abin da za a miƙo, ya ga sa'ansa ya sayi babur yana kabu-kabu yana kirga kuɗinsa da yamma ba tare da ya yi wa kowa kirari ba. Wace za ya zaɓa? Ko ni ne shi, babur zan hau. Samarinmu ma da suka ari sunan fada suka sa wa majalisar shan shayinsu, ba su ari makaɗan fadar ba, salula ce ke yi musu kiɗa.

Hukuma ta yi nata gwargwado. Akwai gasar Ɗan Gurmu, akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai. Wata guda bayan rasuwar Malam Barka aka yi bikin 18 ga Disamba a nan, wanda aka yi wa laƙabi da Zinder Sabuwa, gari ya sha kwalta da fenti. Sai dai gasa da biki aikin mako guda ne, koyon algaita kuwa aikin shekaru ne, kuma a cikin shekarun nan yaro yana buƙatar tuwo. Da ni ake shawara, da na ce kuɗin da ake kashewa a dandali na dare ɗaya a ware wani abu daga ciki, a riƙa ba tsohon makaɗi duk wata, da sharaɗin ya riƙe yara biyu ko uku har su ƙware. Fada ta san su ɗaya bayan ɗaya, ba sai an kafa kwamiti ba. Jami'ar garin nan tana ɗauke da sunan André Salifou, wanda ya rubuta tarihin Damagaram ya kuma mai da Sarki Tanimun wasan kwaikwayo. Ban ga abin da zai hana ta ba mai kakaki aji da albashi ba, kamar yadda take ba mai digiri. Mawaƙan zamani da Allah ya ɗaukaka su ma, ko wata uku ɗayansu ya je ya zauna gaban wani tsoho, ba a ce ya kai tafkin Cadi ba, Mirriya ma ta isa.

Da aka kusa tashi daga bikin nan, sai na ga yaron mai kwamfuta ya taso ya zo wajen dattijon, ya rusuna ya gaishe shi.

“Baba, don Allah ɗan buga mini kaɗan in ɗauka, zan sa a wata waƙa.”

Tsohon ya matse kalangu ya saki wani take, yaron ya kara salula. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya ce ya isa.

“Ɗana, ka san na su wane ne wannan?”

“A'a, Baba.”

“To ka zo gida in gaya maka. Da saura da yawa.”

Yaron ya sa hannu a aljihu ya ba shi jaka guda, ya ce in sha Allahu bayan salla zai shigo. Sannan ya koma naɗe wayoyinsa, don akwai wani bikin da ke jiransa a Zango.