Superman da Inuwar Annabi Musa

A shekarar 1938 wani kamfanin buga littattafan zane a Amurka, wanda daga baya ya zama DC, ya biya wasu samari biyu na birnin Cleveland dala 130, ya mallaki jarumin da suka ƙirƙira. Samarin su ne Jerry Siegel da Joe Shuster, 'ya'yan Yahudawan da suka yi ƙaura daga Turai, jarumin kuwa Superman, wanda ya fara bayyana a fitowa ta farko ta Action Comics. Ga asalinsa: wata duniya na dab da tarwatsewa, sai uba ya sa jaririnsa a cikin kumbo ya harba shi sararin samaniya, kumbon ya faɗo a Amurka. A 1939 aka ƙara cewa wasu miji da mata, iyalin Kent, su ne suka tsince shi.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake karanta Littafi Mai Tsarki ko Alƙur'ani ya san inda ya taɓa jin irin wannan. Fir'auna ya sa a hallaka jarirai maza, uwa ta sa ɗanta a abin da zai yi yawo da shi a kan ruwa, ta sake shi a kogi, yaron ya girma a hannun mutanen da ba nasa ba. Babi na 2 na Littafin Fitowa ya kawo labarin Annabi Musa (AS), Suratul Ƙasas ma ta kawo shi. Wannan kamar, a ganina, ita ce mafi tushe a cikin duk waɗanda ake jerowa, domin daga rayuwar masu zanen ta tsiro. Yahudawa sun yi yawa a sana'ar littattafan zane tun farkonta, lokacin da ake raina ta, kuma da yawansu sun sauya suna don su samu shiga: Jacob Kurtzberg ya koma Jack Kirby, Stanley Lieber ya koma Stan Lee. Mutumin da yake ɓoye asalinsa da rana a bayan tabarau da sunan Clark Kent ba baƙo ba ne a wurinsu. Kuma sun san abin da ke faruwa da 'yan uwansu a Turai. A bangon fitowar farko ta Captain America, mai ɗauke da kwanan watan Maris 1941, Joe Simon da Kirby sun zana jaruminsu yana naushin Hitler, alhali Amurka ba ta shiga yaƙin duniya na biyu ba tukuna. Tun a 1940 jaridar dakarun SS ta Jamus ta zagi Siegel saboda Yahudancinsa.

Siegel da bakinsa ya ambaci Samson a cikin waɗanda ya yi tunani a kansu, wato ƙaƙƙarfan nan na Littafin Mahukunta da ya yaga zaki da hannu. Shi ma Superman an ba shi lagonsa, dutsen kryptonite, wanda ya fara fitowa a wasan rediyo a 1943. Amma kama da wane ba wane ba ne. Ƙarfin Samson amana ce da aka ɗaura da alkawarin keɓewa ga Ubangiji; da ya tona asirinsa ga Delila aka aske shi, abin da littafin ya nuna shi ne Ubangiji ya rabu da shi. Kryptonite kuwa dutse ne kawai. Ba ruwansa da halin mai shi, nagari da mugu duk ɗaya ne a gabansa.

Siffar Almasihu da mutane da yawa ke gani a jikin Superman daga baya aka ɗora ta, kuma masu fim ne suka fi ɗora ta. A fim ɗin 1978 na Richard Donner, Marlon Brando ya fito a matsayin uba mai aiko da ɗansa tilo don ya haskaka wa mutane hanya, kuma Tom Mankiewicz, wanda ya gyara rubutun fim ɗin, bai ɓoye cewa da gangan ya yi hakan ba. A 1992 aka kashe Superman a littafin zane, a 1993 aka dawo da shi. A fim ɗin Man of Steel na 2013 an sa shekarunsa 33, an zaunar da shi a coci da hoton Yesu a gilashin taga a bayansa, har masu tallar fim ɗin suka raba wa fastoci bayanan da za su yi wa'azi da su. Wannan ya fi kusa da kasuwanci, kuma yana damuna yadda ake karɓarsa kamar wani zurfin ilimin addini. A imanin Kiristoci, Almasihu ya umarci almajirinsa ya mayar da takobinsa kube, ya miƙa kansa. Superman da dunƙulen hannu yake warware matsala.

A nan ne kamar take tsinkewa baki ɗaya. Annabi Musa aiko shi aka yi, akwai wanda yake amsa wa. A Littafi Mai Tsarki da Alƙur'ani duka ya koka da nauyin harshensa, aka haɗa shi da ɗan uwansa Haruna. Sandarsa ba ta raba teku don ƙarfin damtsensa ba. Superman babu Ubangijin da ya aiko shi, babu kuma wanda zai tuhume shi. Alherinsa ya rataya ne a kan tarbiyyar da iyalin Kent, manoman Kansas, suka ba shi. Masu zanen da suka fi hankali sun ga wannan giɓi. A littafin zanen Kingdom Come na 1996, Mark Waid da Alex Ross sun gina labarinsu a kan Wahayin Yahaya, suka sa wani tsohon fasto, Norman McCay, ya zama mai kallon jaruman da suka fi ƙarfin doka, a ƙarshe kuma shi ne ya tsayar da Superman lokacin da fushi ya kusa sa shi ya rusa ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a kan mutane. Ross ya zana faston ne da kamannin mahaifinsa, wanda shi ma limamin coci ne.

Akwai wani ɓangare na tarihin Annabi Musa da masu jera kamanni ba su cika kawowa ba. Ya tarar da Bamisire yana cutar mutumin ƙabilarsa, ya buge shi, mutumin ya mutu. Alƙur'ani ya nuna ya nemi gafarar Ubangijinsa nan take. Littattafan biyu sun nuna ya bar Masar zuwa Madayana, inda ya daɗe yana kiwo. Superman na 1938 ma ya faɗa wa wani mai dukan matarsa, ya maka shi da bango, labari ya wuce, babu nadama babu gudu. A Man of Steel kuwa an sa shi ya karya wuyan abokin gabarsa Janar Zod don ya ceci wasu bayin Allah, ya durƙusa yana kururuwa. Masoyansa da yawa sun ƙi wannan fage, suna cewa jaruminsu ba ya kisa. Ni abin da na ƙi shi ne wanda ya biyo baya: mintuna kaɗan bayan kisan aka nuno shi ya sa tabarau, ya hau keke, ya tafi kama aiki a jaridar Daily Planet yana murmushi.