Fuskar wa ke bangon littafin yaro?

Da zarar an koma makaranta, teburan masu sayar da littattafan rubutu a kasuwar Funtua da ta Malumfashi sai su cika maƙil: mai ganye arba'in, mai sittin, mai tamanin. Manomi ya sayar da 'yan tiyoyin masara ya sayo dozin, ko kallon bangon bai yi ba. To me ke jikin bangon? Ɗan ƙwallon Turai ya wage baki yana ihu. In kuwa na rabo ne, ɗan siyasa ne da hula a karkace, sunansa ya cinye rabin shafi. Kullum su ɗin dai!

Takaicin ya fi yawa idan aka waiwayi Meziko. Mai zanen nan Frida Kahlo tana da shekara 18 motar haya ta yi haɗari da ita a 1925, ƙashin bayanta ya karye. Tana kwance tana jinya aka kafa mata madubi a saman gado, ta shiga zana fuskarta. Girar nan tata da ta haɗe, da ɗan gashin leɓenta na sama, haka ta zana su, ba gyara ba kwaskwarima. Ta rasu a 1954, amma yau fuskar tana bangon littattafan rubutu a ƙasashe da dama, kuma a 2010 ƙasarta ta buga ta a takardar peso 500. Yaron da ke riƙe da irin wannan littafi dole wata rana ya tambayi ko wace ce.

Masu zane ne suka ƙare a nan? Ga Zariya a ƙofar Funtua, inda ɗalibai irin su Uche Okeke, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar zanensu a 1958. Ga Ladi Kwali mai ginin tukwane a bayan naira ashirin. Ga masu fentin manyan motocin da ke lodin auduga da hatsi, waɗanda ke shimfiɗa zaki da dawisu a jikin katako, ba wanda ya san sunansu. Ko ɗaya bai samu bango ba, sai ɗan ƙwallo.

Za a ce ɗan ƙwallon ne ke sa yara su saya. Gaskiya ne, ba a musu. Wasu kuma ba sa son hoton mai rai. To dagi fa? Aska takwas ta wuyan babbar riga fa, ko zanen zaurukan birnin Zazzau? Shi kuma mai rabon littafi kyauta, bangon baya ya ishe shi ya rubuta sunansa.