Littafin Shehu Kan Masu Da'awar Mahadi

Cikin littattafan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo akwai wani, Tahziril Ikhwan, wanda muke so 'yan makaranta su san da shi. Ya rubuta shi wajen 1814 don jan kunnen jama'a game da masu da'awar Mahadi. Abin da ya ƙara masa daraja, mutane sun so su laƙaba wa Shehu kansa wannan suna, ya ce ba shi ba ne. Ma'auninsa kuwa a fili yake: a gwada mai da'awa da siffofin da hadisai suka kawo, in bai cika su ba a rabu da shi.

Cikas ɗinsa guda ne a wurinmu. Da Larabci yake, manomin Bagwai ba ya iya karantawa, alhali talakawa aka fi ruɗa. Dubi yadda aka rushe Satiru a 1906. Dubi Kano a 1980, inda Maitatsine ya yi da'awar annabci, rayuka fiye da 4,000 suka salwanta.

To, samari, tambayar hujja ba ta rage imani. Wanda ya san darajar hatsinsa shi ke shiƙa. Allah ya sa malamanmu su yawaita bayyana wa jama'a ma'anarsa da Hausa, amin.