Begen Katun na Yarinta a Ƙasar Gaya da Ajingi

Akwai wata irin hira da na sha ji a ƙasar Gaya da Ajingi, wadda har yanzu ban ga masu nazarin adabinmu sun kula da ita ba. Idan magidanta sa'o'in juna suka zauna bayan lisha, sai ka ji wani ya ce, "Shin kun tuna da katun ɗin nan na yaro mai doki mai fiffike?" Nan da nan wuri ya kaure, kowa na kawo abin da ya riƙe. Ba wanda ya san sunan wasan, balle ƙasar da aka zana shi. Galibi ma sau ɗaya tak suka gan shi, ran Salla ko kwanakin hutun makaranta, amma ga shi shekara arba'in bai fita daga zukatansu ba. Nufina a wannan 'yar takarda in auna wannan bege, in ga ko mene ne ainihin abin da ake begen, sa'an nan in faɗi abin da ya wajaba a kanmu game da shi.

Tilas mu fara da yadda hoto mai motsi ya iso ƙauye, domin ya riga talabijin da nisa. A cikin 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa Colonial Film Unit a ƙarƙashin William Sellers, wanda da fari ma'aikacin kiwon lafiya ne a Ikko. Motocin majigi suka riƙa kewaya gundumomin Arewa, a kafa farin allo a fili, a nuna wa jama'a tsabta da allurar rigakafi da noman auduga, kamar yadda aka yi cikin Baban Larai. Abin lura a nan shi ne, kullum akwai mai bayani tsaye da lasifika yana faɗa wa mutane da Hausa abin da suke gani. Watau tun ran farko Bahaushen ƙauye ya san hoto mai motsi tare da bakin mai ba da labari.

Talabijin kuwa an buɗe ta a Ibadan cikin 1959, a Kaduna cikin 1962. Aka haɗe tashoshi a ƙarƙashin NTA cikin 1977, sa'an nan Jihar Kano ta kafa tata, watau CTV, a farkon shekarun 1980. A garuruwan da ke hayin kogin Wudil akwati ɗaya baƙi-da-fari mai aiki da batirin mota ya kan ishi unguwa guda, yara su cika tsakar gida har bakin zaure. Katun da a kan sa musu na ƙasashen waje ne, da Turanci ake magana a ciki, kuma ba mai bayani. To, da yake kujerar mai bayani ba ta zama ba kowa, sai yaran suka hau ta da kansu.

Bari in ba da misali da abin da ya faru gare ni. Ina cikin waɗanda suka ga wasan dokin nan mai fiffike, mu uku ne muka rage a unguwarmu da muke tuna shi. Ɗayanmu ya rantse Dodo ne ya haɗiye 'yar sarki, yaron ya tsaga cikinsa ya fid da ita. Na biyu ya ce ba a haɗiye kowa ba, wani ƙanƙanen mai wayo ne, wanda shi yake kira Gizo, ya yaudari Dodon har sau uku. Ni kuwa abin da na riƙe shi ne batir ya mutu sa'ad da dokin ya tashi sama, yayarmu ce ta ƙarasa mana labarin a ɗaki da dare, har ta rufe da ƙurunƙus.

Wanda ya dubi waɗannan ruwayoyi uku zai ga alamun tatsuniya sarai. Na farko, an tuɓe wa 'yan wasan sunayensu na asali, an sa musu na gida: mai wayo ya zama Gizo, abin tsoro ya zama Dodo. Na biyu, an jera aukuwar abubuwa bisa maimaici, yadda tsohuwa ta kan jera su don yaro ya riƙe. Na uku, an yi wa labarin ƙarshe irin namu, inda mugu ke gamuwa da sakayya, ko da kuwa ba wanda ya ga ƙarshen. Saboda haka abin da mutanen nan ke bege rabinsa ne kaɗai aka zana a ƙasar waje, ɗaya rabin a tsakar gidajen Gaya aka ƙaga shi. Aikin nan ɗan'uwan wanda Abubakar Imam ya yi ne cikin Magana Jari Ce a 1937, inda ya ɗebo labarun Larabawa da na Turawa ya sa musu riga da rawani. Bambancin kurum shi da alƙalami ya yi, yana sane, su kuwa da baki suka yi, ba su sani ba.

Amma fa kada mu ɗauki bege ya zama alƙali. Yanzu da YouTube ta zo, wani ya kan dace ya tono wasan da ya daɗe yana nema, sai ya tarar zanen na araha ne, baki kaɗai ke motsi, labarin kuma bai kai wanda ke kansa daɗi ba. A nan mutane kan yi kuskure iri biyu. Waɗansu su dage lalle katun na dā ya fi na yau, alhali kuwa yarintarsu suke yabo. Waɗansu kuma su ce ashe mantuwa ce ta ruɗe su, su yar da ruwayarsu su kama ta allon. Duka biyu hasara ce, na biyun ma ya fi muni, domin ruwayar da aka yar ita ce ta Hausa.

In ana neman ma'aunin gwaninta a wannan fanni, ba sai an je nesa ba. Moustapha Alassane, mutumin Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa cikin 1942 ya rasu cikin 2015, ya fara ne da wasan inuwa da fitila, daga baya ya ƙaro sani a Kanada wajen Norman McLaren. Ya yi Bon Voyage Sim cikin 1966, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara, zambo ne ga masu mulki. Ya yi Samba le Grand cikin 1977 da 'yan tsana, ya kuma yi Kokoa, inda dabbobi ke kokawa a gaban 'yan kallo. Ya zauna shekaru a Tawa, cikin ƙasar Hausa. Abin da yaran Gaya suka yi da baki shi ya yi da hannu, ya ɗauki sana'ar baƙi ya zuba mata almarar gida. Abin kunya ne a ce ɗalibanmu sun san Tom and Jerry, sunansa kuwa bai zama sananne a makarantunmu ba.

Abin da ya rage shi ne aiki, kuma yana da gaggawa. Kada a dogara ga gidajen talabijin, domin a wancan zamani kaset na da tsada, a kan share shi a ɗauki wani abu a kai. Ko BBC ta yi hasarar shirye-shirye masu yawa ta wannan hanya a shekarun 1960 da 1970. Taskar da ta rage ita ce kawunan mutane. Ina roƙon malaman kwalejojin horon malamai su tura ɗalibansu gida lokacin hutu, kowa ya ɗauko ruwayar mutum biyu ko uku da bakinsu, ya rubuta garin, da shekarar da aka yi kallon, da gidan da akwatin yake. Sharaɗi ɗaya ne: kada a nuna wa mai ruwaya wasan na asali sai ya gama faɗin nasa. Da ba a tattara tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 ba, da yawancinsu sun bi masu su kabari. Waɗannan ma haka za su yi in mun yi sake. Allah ya ba mu ikon cika wannan aiki, amin.